Ranar da Alhaji Bala ya yi gudu a kasuwar Bankok

Tun da na dawo Guangzhou, wato Gwanzu a bakinmu, ni kaɗai, ban huta da tambaya ba. A gidan tuwon da muke haɗuwa, kafin in wanke hannu wani ya ce, "Habu, ina ka baro Alhaji Bala?" A masallaci ranar Juma'a ma haka. Har wani ɗan Kumasi da ko sannu ba ta taɓa haɗa mu ba ya tare ni a bakin lif yana yi mini jaje, wai ya ji an kama Alhaji a Tailan da hodar iblis a cikin sandarsa. Wasu sun ce korar sa aka yi, wasu sun ce aure ya yi a can. To, na gaji da maimaitawa. Ga labarin daga farko, kuma da izinin mai shi nake ba da shi, don da bakinsa ya ce in faɗa duka, har da wurin da ba daɗi.

Ga wanda bai san shi ba, Alhaji Bala Mai Jaka ubangidana ne. Shi ya ɗauke ni a shagonsa na Kano ina saurayi, shi ya yi mini aure, shi ya kawo ni China ya nuna mini hanyar Shiling, garin da ake ɗinka jakunkuna, kafin ya yaye ni in tsaya da ƙafata. Dogo ne, baƙi, ya haura saba'in ko yana dab da ita, ya danganta da wanda ya tambaye shi. An san shi da hular da ba ta barin kansa, ko a banɗaki in ji masu sharri, an kuma san shi da ciwon gwiwa. Gwiwar nan ta fi shi suna a Gwanzu. Da ita yake samun kujera a jirgin ƙasa, da ita yake sa masu masana'anta su fito su same shi a mota, da ita yake ƙin hawa benen kantunan takalma na Zhanxi Lu, sai dai ya zauna a ƙasa mu mu hau mu sauko masa da samfur. Amma ban taɓa ganin ta hana shi zuwa walima ba.

Yana da doka guda da yake karanta mana tun a shago: dattijo ba ya gudu. Yakan ce, "Ko ruwa ake kamar da bakin ƙwarya, babba sai dai ya jiƙe. Ranar da ka ga mai furfura yana gudu a kasuwa, ko dai sata ya yi, ko ya zare." A Gwanzu ma, in 'yan sanda suka zo duba takardu samari suka watse, shi zama yake yi, ya zaro fasfonsa a hankali ya miƙa kamar mai raba goron ɗaurin aure.

Shekarar nan ta gasar Olamfik a China kuwa ta zo mana da sabon salo. Mutanen China suka ce za su yi baƙi, sai sun share gida, ashe mu ne sharar. Bizar da ake sabunta mana a nan kusa ta gagara. Ka je ofis a ce maka "meyo", wato babu, ka je wurin ejan, wato dillalin biza, shi ma ya ce meyo. Ana buga ƙofa da sassafe, ana tare mutane a hanya. Bizata da ta Alhaji suka zo ƙarshe tare, ga kayansa ana kan ɗinki a Shiling, ga kwantenata ba ta bar tashar jirgin ruwa ta Nansha ba. Sai labari ya zo cewa a Bankok akwai ejan da yake samo wa mutum bizar China. Muka nemi izinin shiga Tailan, muka yanki tikiti.

Ana gobe za mu tashi Hajiya, matar Alhaji, ta kira ni daga Kano. Uwa ce a wurina, tuwonta na ci na girma. Bayan mun gaisa ta ce, "Habu, amana zan ba ka. Tafiyar nan ku biyu ne, ba idon mutane. Ka faɗa wa Alhaji ya dawo gida haka nan. Ya tsufa, ga hawan jini. 'Ya'yansa sun yi magana ya ƙi ji, ni na yi har bakina ya gaji. Kai yana jin taka."

Na ce, "Hajiya, ni zan ce wa Alhaji ya tsufa?"

Ta ce, "To wa zai faɗa masa, 'yan China?"

Na ce to, don ba a ce wa Hajiya a'a. Amma fa aiki ne ja. Mutumin da ko gaishe shi zan yi sai na durƙusa, ta ina zan ɓullo masa? Kuma ni kaina ba na so ya tafi. Ban san Gwanzu ba tare da Alhaji a cikinta ba.

Muka kama hanyar filin jirgi, Alhaji da sandarsa da butarsa da ƙullin yaji, don ya ce bai yarda da garin da bai taɓa ci a cikinsa ba. Da jirgi ya daidaita a sama na ga dama ta samu, na gyara murya na ce, "Alhaji, gida kuwa an kwana biyu."

Ya ce, "Gida na nan inda yake, ba ya tafiya." Ya ja hula ya rufe ido, bai farka ba sai da tayar jirgi ta taɓa ƙasa.

A Bankok, kafin a buga mana hatimi, aka ware masu koren fasfo gefe, aka ce sai mun nuna katin rigakafin shawara. Katin Alhaji ina jin ya girmi yarinyar da ta karɓa. Ta juya shi, ta sake juyawa, ta miƙo masa, sannan ta haɗa tafukan hannunta a ƙirji ta sunkuyar da kai tana murmushi. Alhaji ya dube ni ya ce, "Me ta yi mana take roƙon gafara?" Kafin in ce wani abu ya ɗaga mata hannu ya ce, "Ba komai 'yata, na yafe miki." Ashe gaisuwarsu ke nan. Daga nan zuwa bakin ƙofa, ɗan canji da mai shara da mai tura kaya, duk wanda ya haɗa hannu sai da Alhaji ya yafe masa.

Wanda ya tarbe mu shi ne Elhaj Isuhu, ɗan Maraɗi, abokin Alhaji tun zamanin da suke saro kaya a Kwatano. Ya daɗe a Bankok yana aika tufafi Yamai. Gajere ne mai tumbi, ba ya gama magana bai ce "bon" ba, wato "to" da Faransanci. Ya rungume Alhaji yana cewa, "Bon, tsoho, ashe kana da sauran tahiya! Ina gwiwa?" Alhaji ya ce gwiwa sai addu'a. Muka shiga tasi, Alhaji ya ga ana tuƙi ta hannun hagu, ya ce rabonsa da ganin haka tun kafin a canza hannu a Najeriya, ashe akwai waɗanda labari bai iso musu ba.

Masaukinmu wani ɗan otal ne a unguwar 'yan tufafi, ɗakin bai fi ka miƙe ƙafa ka taɓa bango ba. Abin da ya fara burge Alhaji shi ne banɗaki, don ya tarar da ɗan famfon tsarki a jikin bango. Ya fito ya ajiye butarsa ya ce, "Habu, mutanen nan suna da tarbiyya. Shekara nawa muke China ana ba mu takarda kamar za mu rubuta wasiƙa?" A ƙofar otal ɗin kuma akwai wani ɗan ƙaramin gida a kan ginshiƙi, an kewaye shi da furanni, an ajiye kwalaben jan lemo kowace da tsinken sha a ciki. Isuhu ya ce na aljanun wurin ne, kowane gini da nasa. Alhaji ya daɗe yana kallo, ya ce, "Aljanun garin nan 'yan gayu ne. Namu ba su san lemo ba, sai jinin baƙar akuya."

Abinci kuwa, alade ya cika gari, har a tsire. Isuhu ya koya mana mu riƙa neman mace mai lulluɓi a bayan tukunya, in mun gan ta mu zauna. Sai dai ko ita, miyarta da sukari a ciki, ga barkono mai sa mutum ya tuna zunubansa. Alhaji ya zazzaga yajinsa a kai ya ce aƙalla dai wutar ta zama ta gida.

Washegari muka je wurin ejan. Ya ce mu bar fasfo, mu dawo bayan ƙarshen mako. Ni na miƙa nawa. Alhaji kuwa ejan ya kama gefe ɗaya shi ya riƙe ɗaya, har sai da Isuhu ya ce, "Sakam mishi mana, ba cinyewa zai yi ba." Aka ba mu fotokwafi. Tun daga lokacin na lura Alhaji yana yawan shafa aljihun ƙirjinsa. Ya ce mini bai taɓa kwana a ƙasar mutane ba fasfo a jikinsa ba. Na ɗauka rigimar tsufa ce, ban sa a raina ba.

Ranar Asabar Isuhu ya ce zaman ɗaki ba namu ba ne, akwai kasuwar da ba ta ci sai ƙarshen mako, mu zo mu ga ikon Allah. Alhaji ya ce wanda ya ga Kurmi ya ga Kwari ya ga Wambai, me kuma za a nuna masa? Isuhu ya ce akwai yara masu ƙirƙiro sababbin jakunkuna, samfur sai wanda ka zaɓa. Nan take gwiwa ta yi sauƙi. Muka hau wani keke mai ƙafa uku, A Daidaita Sahu sak, sai dai direban nasu bai san akwai lahira ba. Alhaji ya riƙe hula da hannu ɗaya, ya riƙe ni da ɗaya, yana salati har muka isa.

Gani ya kori ji. Ku haɗa kasuwannin nan uku da Alhaji yake taƙama da su, ku rufe su da kwano, ku matse lungunan har mutum biyu ba sa wucewa sai ɗaya ya karkace, sannan ku zuba zafi da Turawa masu gajeren wando, to kun kusa. Akwai wata doguwar hasumiya mai agogo a tsakiya. Isuhu ya ce duk wanda ya ɓace ya nufi can. Ni na ji, Alhaji kuwa ya riga ya shige shagon jaka yana kiran mai shagon "lawban", yadda muke kiran masu kaya a China.

Nan aka fara kunyata mu. Cinikin Alhaji kowa ya san shi: a faɗi kuɗi ya yi salati, ya kushe kayan, ya taya abin da ko shi ya san zalunci ne, ya juya ya tafi, a biyo shi a kamo rigarsa. A Kano yana ci, a Gwanzu ma yana ci, don ɗan China in ka yi masa ihu ya yi maka wanda ya fi naka, a ƙarshe ku sha shayi. Matar da ke da shagon nan kuwa ta dubi abin da ya buga mata a kalkuleta, ta yi murmushi, ta haɗa hannu. Alhaji ya juya ya tafi a hankali, ya isa kwana ya tsaya yana gyaran hula.

Ya ce, "Habu, ta taho?"

Na ce, "Alhaji, abincinta take ci."

Ya ce, "Wannan ba 'yar kasuwa ba ce." Amma na ga abin ya taɓa shi.

A wani shagon muka samu jakar da ta yi mana. Muka juya cikinta waje, Alhaji yana bin ɗinkin da farce, ni ina auna hannun da taƙi. Yarinyar da ke shagon ta zuba mana ido, can ta ce da ɗan Turancinta, "China za ku kai a kwaikwaya, ko?" Ta zare jakar daga hannun Alhaji cikin ladabi ta rataye ta can sama. Ta gane mu kamar ita ta haife mu. Muka fito ba wanda ya dubi wani.

Isuhu ya ja mu layin dabbobi don mu huce. Na ga kifaye a cikin kwalabe waɗanda aka ce dambe suke yi, na ga zakaru an tsefe su kamar angwaye, na ga karnuka sanye da riguna, an kunna musu fanka mu kuwa gumi yana bin bayanmu. Alhaji ya ce shi dai ya ga ƙarshen duniya, kare da riga har da aljihu. Gaba kaɗan ga mai soyayyar fara. Nan 'yan tsofaffin biyu suka tsaya suna ci suna musu, Isuhu yana cewa ba ta kama ƙafar ta Maraɗi ba, har Alhaji ya lura tiren da ke gefe kunamu ne da tsutsotsi, kuma da cokali ɗaya ake kwasa. Ya mayar da sauran farar ya ce ya ƙoshi.

Da la'asar muka samu benci muna shan ruwan kwakwa. Isuhu ya ɗan matsa, na ce yanzu ne. Na ce, "Alhaji, ranar nan kuwa Hajiya ta kira ni."

Ya ce, "Ka ga jakar da ke kafaɗar Baturiyar can? Dubi zif ɗin." Muka dubi zif har Baturiya ta ɓace, maganar Hajiya ta bi ta.

Dab da magariba, masu shaguna sun fara haɗa kaya, Isuhu ya ce mu jira shi zai kama ruwa. Muna tsaye a babbar hanyar da ta ratsa kasuwar, sai aka busa usur. Lasifika ta yi ƙara a kanmu. Kasuwar nan gaba ɗaya ta tsaya cak. Mai soya ayaba ta tsaya da matsami a hannu, mai tura baro ya saki baro, yara suka daina wasa. Wasu ma'aikata biyu masu kaki da ke tsallake suka ƙame, fuskarsu tana kallon inda muke. A Gwanzu, in titi ya yi tsit haka aka ga masu kaki, ma'anarsa ɗaya ce, kuma ga mu baƙaƙe biyu ba fasfo. Na juya in ce wa Alhaji mu tsaya a yi ta ta ƙare, sai na ga sanda a ƙasa.

Jama'a, Alhaji Bala ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Na hango shi ya tattare babbar riga a hammata, yana tsallake kwandunan mutane, yana kauce wa waɗanda suka ƙame kamar ɗan ƙwallo. Dubban mutane a tsaye, mutum ɗaya ne yake motsi a kasuwar nan, kuma shi ne mai gwiwa. Ya faɗa wani lungu ya ɓace. Ni kuwa mamaki ya dasa ni a wurin, har wata tsohuwa ta dube ni ta gyaɗa kai, alamar ga baƙo mai ladabi.

Abin bai daɗe ba kiɗan da lasifikar take yi ya ƙare. Mai ayaba ta ci gaba da suyarta, masu kaki suka koma hirarsu, ba wanda ya ce mini kanzil. Sai ga Isuhu yana gyara tazuge.

Ya ce, "Ina tsoho?"

Na ce, "Ya gudu. Samame aka kawo."

Ya ce, "Wane samame? Taken ƙasarsu ne! Sahe da marece ake sa shi, kowa shi tsaya. Bon, na mance ban hwaɗa muku ba." Sai kuma ya tsaya. "Ka ce mi? Bala ya yi gudu? Da ƙahwa?"

Ba zan ɓoye ba, sai da muka yi dariya har Isuhu ya dafa bango. Amma dariyar ba ta yi nisa ba. Ana ta jan ƙofofin shaguna, lunguna suna yin duhu. Alhaji ba waya, ba fasfo, ba ya jin yaren kowa, ko sunan otal ɗinmu bai riƙe ba, ga hawan jini, ga gudun da rabonsa da irinsa tun yana yaro. Na ɗauki sandarsa muka je gindin agogo, babu shi. Muryar Hajiya ta dawo mini, amana zan ba ka. An aike ni in mayar mata da miji gida, ni ga shi na zubar da shi a kasuwa.

Muka shiga lungun da ya bi. Isuhu yana jin ɗan yarensu, ni kuwa sai kwatance: in ɗaga hannu sama alamar dogo, in zana hula a kaina, in yi gudu a tsaye. Ba wanda bai gan shi ba. Kowa sai ya rufe baki yana dariya ya nuna gaba. Mai fitilu ta nuna gaba, mai sabulu ya nuna gaba. A layin karnuka wata mata ta kira mu, ta miƙa hannu can saman shagonta ta sauko da hular Alhaji, ta ba ni da hannu biyu. Isuhu ya ce su a wurinsu kai abin girmamawa ne, ba a barin abin da ya taɓa shi a ƙasa. Shekaru ina tare da mutumin nan ban taɓa ganin hularsa ba kansa a ciki ba. Na riƙe ta muka ci gaba. Gaba kaɗan muka tsinci takalmi ƙafa ɗaya. Daga nan na daina jin kunya, ina tafe ina ƙwala kiran "Alhaji! Alhaji!" hawaye suna zuba, masu rufe shago suna ba ni hanya.

Mun kusa ƙarshen kasuwar, wajen masu abinci, na ji ana karanta Fatiha. Na bi muryar zuwa bayan wata rumfa. Wata mata mai lulluɓi ta ɗora yatsa a baki ta nuna mana kujera. A bayan tukwanenta, a kan kwali, wani tsoho ɗan ƙasar yana jan sallar magariba, bayansa mutum ɗaya, dogo, ƙafa ba takalmi, da wata 'yar farar hular aro da ta tsaya masa a tsakiyar kai kamar murfin kwano. Na bar kujerar na zauna a ƙasa.

Matar ta ba Isuhu labari. Wai tana kwashe kaya sai ga mutum ya faɗo rumfar yana haki, ya ga lulluɓinta ya ce salamu alaikum, ya tsugunna a bayan tukunya. Ba ta san abin da ya koro shi ba, amma ta ga tsoro a idonsa, sai ta ja labule. Mijinta ya ba shi ruwa, ya ga kansa a buɗe ya cire hularsa ya ɗora masa.

Da suka sallame, Alhaji bai dube ni ba. Isuhu ya yi masa bayani. Alhaji ya ce, "Waƙa?"

Isuhu ya ce, "Waƙa, tsoho."

Ya ce, "Waƙa na guje wa."

Isuhu ya ce, "Bon, wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai shi gudu. Amma barka, gwiwa ta warke."

Alhaji ya yi dariya har da tari, mutanen rumfar ma suka taya shi ba tare da sun san zancen ba. Suka zuba mana shinkafa mai kurkur da kaza, suka ƙi karɓar komai. Alhaji ya mayar wa tsohon hularsa, suka riƙe hannun juna suna ta magana kowa da yarensa, amin kawai suke haɗuwa a kai. Na miƙa masa tasa hular da sandar. Ya karɓi sandar da sauri, don yanzu kam gwiwar da gaske take, sai da muka tallafe shi zuwa titi.

Isuhu ya tafi neman tasi, muka zauna a bakin hanya. Alhaji yana juya hular a hannu bai sa ba. Ya ce, "Habu, watan jiya da ka je Nansha, an tare mu a titi. Na ba da fasfo kamar kullum. Wani yaro ɗan sanda, wallahi jikana ya girme shi, ya ce in tsugunna a jikin bango tare da samari har a gama dubawa. Na nuna masa gwiwa, ya nuna mini ƙasa. Na tsugunna, mutane suna wucewa suna kallo. Takarduna lafiya lau, aka sallame ni. Ban faɗa wa kowa ba. Tun ranar, ko ƙofa aka buga sai gabana ya faɗi. Yau da na ji usur na shafa aljihu na ji wayam, ban yi shawara da ƙafata ba."

Tausayinsa ya kama ni, haushi kuma ya cika ni, na rasa wanda zan ji haushinsa. Na ce, "Alhaji, ai tsautsayi ne, kowa ma zai gudu. Gasar nan tana ƙarewa komai zai koma daidai. Mu koma mu ci gaba da harkarmu."

Ya dube ni a karon farko tun da aka same shi. Ya ce, "Kai wane irin ɗan aike ne? Hajiya ta ce ka ce in koma gida, kai kana cewa in zauna."

Na ce, "Ashe ka sani?"

Ya ce, "Tun a jirgi kake tauna maganar kamar ɗanyen goro. Da ka faɗa da na ƙi." Ya sa hularsa ya daidaita ta. "Na yi fatauci tun kafin a haife ka, ban taɓa guje wa kowa ba. Ƙafar da ta fara koyon gudu a garin mutane, gara a mayar da ita gida kafin ta saba."

Bayan ƙarshen mako ejan ya kawo fasfo, kuma ga masu cewa hana shi aka yi, ku ji da kyau: mu biyu duka aka ba mu bizar. Alhaji ya buɗe tasa ya kalla, ya rufe, ya ce a canza masa tikiti zuwa Kano. Ya damƙa mini mukullin ɗakinsa na Gwanzu da butarsa, ya ce in ƙarasa kayan Shiling in tura, in gaishe da lawban ɗinsa, in kuma bar wa wanda ya gaji ɗakin butar, zai buƙace ta. Na kira Hajiya, ta yi ta sa mini albarka tana cewa ta san ni zan iya. Ban gyara mata ba.

Rana ɗaya muka tashi, jirginsa yana gaba da nawa. Muka tsaya sallama, nasiha ta ƙi ƙarewa, har aka fara kiran sunansa a lasifika, sunan da suka murɗe shi ya koma wani abu daban. Na durƙusa, ya dafa kaina. Ƙofar jirgin tana can ƙarshen wani dogon zaure, kowa ya shige, saura shi. Wata ma'aikaciya ta taho da sauri tana yi masa alama da hannu ya ɗaga ƙafa, za a rufe. Alhaji ya gyara hula, ya dogara sanda, ya ɗaga mata hannu ya ce ya yafe mata. Na tsaya ina kallon bayansa yana tafiya taku ɗaya bayan ɗaya, bai ƙara sauri ko kaɗan ba, har ya isa.

Jirgin ya jira shi.